Wa Ya Cire Filogin Sannu-sannu?

Yara, ku matso kusa. Yau ba dariya na zo ba ku ba. Ƙara na kawo.

An zalunce ni. An yi mini abin da ba a taɓa yi wa wani uba ba tun da aka fara gina gidaje. Ni da gidana, ni da kicin ɗina, an hana ni shiga! Har takarda aka manna a ƙofar. An rubuta da manyan baƙaƙe: BABA, TSAYA NAN. Rubutun dai yana da kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma ku dubi wulaƙancin.

Ni fa! Mutumin da in ya fito titi masu shago ke leƙowa su kalli gemunsa. Mutumin da hancinsa ke gane gishiri ya yi yawa tun daga ƙofar gida. Yanzu ko ruwa nake so, sai na tsaya a bakin kicin ina kira kamar baƙo.

Duk a kan me? A kan miyar kaza da adas, irin mai kaurin nan da ake sha da cokali. To ku saurara, ku yi mini shari'a.

Ina da 'ya mai shekara goma sha ɗaya. 'Yar Baba nake kiranta. Tana da wayo, don ni ta biyo. Tana da saurin fushi, wannan kuma ba daga wajena ta samo ba.

Mahaifiyata, wato Kaka, ta yi sati biyu a asibiti. An yi mata aiki a ciki. Likita ya ce abinci mai laushi kawai za ta ci. Amma duk abin da aka kai mata, sai ta ture kwanon. Ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa.

Ranar Juma'a muka je duba ta. Ta kama hannun 'Yar Baba ta ce, "Ƙawata, gobe za a sallame ni. In ke kika dafa mini, zan ci. In wani ne, ya sha kayansa."

Ina tsaye a wajen. Ba wanda ya tuna cewa ni ma na iya girki.

Asabar da ƙarfe takwas na safe, matata, wato Mama, ta sauko da Sannu-sannu daga saman kabad. Sannu-sannu tukunyar lantarki ce mai murfin gilashi. Mu muka sa mata wannan suna, don ba ta gaggawa. Sai ta yini tana dafa abu ɗaya. Amma in ta gama, nama da kansa yake rabuwa da ƙashi.

Mama ta tsaya a gefe. 'Yar Baba ce ta yi komai. Ta wanke adas. In ba ku san shi ba, wasu 'yan ƙananan wake ne masu faɗi kamar maɓallin riga. Ta wanke shi sau uku har ruwan ya fita fes. Ta yanka albasa tana hawaye. Ta yanka karas da tumatir. Ta daka tafarnuwa da citta. Ta jera cinyoyin kaza shida a ƙasan tukunyar, ta zuba sauran kayan a kai, ta ƙara ruwa da gishiri kaɗan.

Na leƙa na ce, "Da ni ne, da na ƙara barkono."

Mama ta ce, "Baban yara, marar lafiya za a ba."

"To da na ƙara mai."

"Marar lafiya, na ce."

Kun ji ko? Tun da safe aka fara danne ni.

'Yar Baba ta rufe murfin. Ta murɗa makunnin zuwa ƙaramin zafi. 'Yar jar fitilar da ke gaban tukunyar ta kama.

Mama ta ɗauki jakarta ta ce, "Zan tafi asibiti. Sai ƙarfe huɗu za mu dawo da Kaka. Abu biyu nake so ki riƙe. Na ɗaya, kada ki buɗe murfin, zafin zai gudu. Na biyu, duk bayan awa ɗaya ki zo ki duba fitilar nan."

"Me zai faru in ta mutu, Mama?"

"Ki kira ni nan take. Ɗanyar kaza ba ta son zama cikin ruwa mai ɗumi. In ta daɗe a haka, ƙwayoyin cuta za su cika ta. Ko an tafasa daga baya, tana iya ɓata cikin mutum. Balle cikin Kaka da aka ɗinke."

"Na ji, Mama."

"In kika yi daidai, daga yau Sannu-sannu taki ce duk Asabar."

'Yar Baba ta yi tsalle. Ta fi shekara tana roƙon wannan.

Da ƙarfe tara ta je ta duba. Fitila tana ci. Sai ƙawarta ta gidan kusa ta shigo da sabuwar igiyar tsalle. Suka fita tsakar gida.

Ni kuma na shiga kicin na minti biyu. Wata muhimmiyar buƙata ce ta kai ni, ba sai na faɗa muku ba. Tagar kicin ɗinmu tana da haske mai kyau, shi ke nan abin da zan ce. Daga nan na sa sabuwar riga na fita. Tela ya ce na koma saurayi. Mai sayar da jarida ya ce bai gane ni ba. Na ɗan zauna a kowane shago, don ba kyau a hana mutane kallo.

Ƙarfe ɗaya na dawo. Na tarar da 'Yar Baba a kicin, ta dafe kai da hannu biyu.

"Baba, fitilar ta mutu! Ga filogin a kan tebur. Tukunyar ko zafi babu."

"Ikon Allah!" na ce. "Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ina jin ni ce. Da safe na goge teburin. Wataƙila tsumman ya ja wayar." Idonta ya cika da ƙwalla. "Kuma tun tara ban duba ba. Awa huɗu, Baba! Bari in kira Mama."

Na riƙe wayar salular. "Tsaya, tsaya. Don me za ki tayar wa Mama da hankali? Mayar da filogin. Murɗa zuwa babban zafi. Kafin huɗu ta nuna."

"Amma Mama ta ce kazar..."

"Mama ta cika tsoro. Wuta tana kashe komai. Tukunya tana magana ne? Ba ta magana. Ni ma ba zan yi ba. In kika faɗa, ke da Sannu-sannu sai dai kallo daga nesa."

Ta kalle ni. Ta kalli tukunyar. Sannan ta mayar da filogin, ta murɗa zuwa babban zafi.

Daga nan ba ta ƙara wasa ba. Ta zauna a kan kujera gaban tukunyar, tana cizon farce. Ƙawarta ta kira ta sau uku. Ta daka mata tsawa, "Ki tafi da igiyarki! Duk ke kika ja!" Yarinyar ta tafi tana kuka.

Ƙarfe huɗu mota ta tsaya a ƙofa. Mama ta shigo riƙe da Kaka, suna takawa a hankali. Gidan duk ya cika da ƙamshi.

Kaka ta ja numfashi ta ce, "Kai! Rabona da jin yunwa sati biyu." Sai ta dube ni. "Ɗan Gayu, ka sha gyara. Ni za ka tarba ko biki za ka?"

Ɗan Gayu take kirana tun ina ƙarami. Ban san dalili ba.

Aka zaunar da ita a teburin cin abinci, aka sa mata matashi a baya. Mama ta buɗe murfin. Adas ya narke, miyar ta yi kauri. Ta cire ƙasusuwan, ta yayyaga naman, ta matsa lemon tsami kaɗan. Ta zuba ludayi biyu a kwano.

"Madalla da 'yata," in ji ta. "Zo ki kai wa Kaka da hannunki."

'Yar Baba ta ɗauki kwanon. Na ƙifta mata ido. Ta kau da kai.

Kaka ta yi bismilla. Ta ɗebo cokali ɗaya. Ta hura. Ta kai bakinta.

"Kaka, kada ki sha!"

'Yar Baba ta riƙe hannun Kaka gam. Miyar ta zube a kan tebur.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Fitilar ta mutu, Mama. Tun tara har ɗaya. Ina can ina tsalle, ban duba ba. Da na gani, sai na ƙara wuta na yi shiru."

Mama ta ajiye ludayin. Ba ta ɗaga murya ba. Mu da muka san ta, mun fi tsoron haka.

"Awa huɗu," ta ce. "Kuma kika bari na zuba wa Kaka."

Na yi gyaran murya. "Ai wutar lantarki ce aka ɗauke. Kin san halinsu."

Mama ta nuna agogon da ke jikin murhu. "In an ɗauke wuta, agogon nan yana komawa sifili. Ga shi daidai yake."

"To tukunyar ce ta tsufa."

"Baba," in ji 'Yar Baba, "filogin ne ya fita. Ni na ja shi da tsumma."

Mama ta juya gare ta. "Mantuwa kowa yana yi. Da kin kira ni da ƙarfe ɗaya, da na sayo wata kazar a hanya, mun dafa a murhu. Da yanzu Kaka tana ci. Ɓoyewar ce ta ɓata mini rai. Kin zaɓi tukunya a kan cikin Kakarki."

'Yar Baba ta fashe da kuka.

Mama ta ɗauki tukunyar. Cinyoyi shida, adas, karas, duk ta juye a kwandon shara. Ni da kaina sai da na rufe ido. Ta wanke Sannu-sannu, ta mayar da ita saman kabad.

"Nan za ta zauna," ta ce, "sai ranar da na sake yarda da ke."

Kaka ta sha shayi da burodin da aka jiƙa. Loma uku ta yi ta ture.

Mama in ranta ya ɓaci, goge-goge take yi. Ta ɗauki tsumma ta hau teburin kicin kamar shi ya yi laifin. Ta goge nan, ta goge can. Da ta zo gindin soket, kusa da taga, sai ta tsaya. Ta sunkuya. Ta dangwalo wani abu da yatsa.

"Baban yara."

"Na'am."

"Zo ka ga wani abu."

Na je. Kaka ma ta lallaɓo da sandarta. 'Yar Baba ta biyo ta tana share hawaye.

A kan yatsan Mama akwai 'yan guntayen gashi. Wasu kuma sun watsu a bakin taga.

"Kyanwa ce," na ce.

"Ba mu da kyanwa."

"Ta maƙwabta."

Kaka ta gyara tabarau. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi wajen haske. "Baƙi a sama, fari a gindi," ta ce. "Kyanwar nan tana shafa wa gemunta baƙin rini."

Yara, nan ne raina ya yi mummunan ɓaci. "Ni ba na shafa komai a gemuna!" na ce. "Haka Allah ya yi shi!"

"Wa ya ce naka ne?" in ji Kaka.

Na yi sauri na rufe gemuna da hannu.

Mama ta ce, "Wata uku ke nan soket ɗin ɗakinmu ya lalace. Kullum kana cewa gobe za ka kira mai gyara. To ina kake sa injin askinka?"

"Wannan tambaya ce ta raini," na ce. "Ba zan amsa ba."

'Yar Baba ta juyo gare ni. Kallona kawai take yi. Hawayen ya tsaya. Fuskarta ta murtuke kamar ta Mama.

"Baba," ta ce a hankali, "ka ga ina kuka. Ka ji na ce ni na ja wayar. Kuma kai ka ce in yi shiru."

Mama ta juyo gaba ɗaya. "Kai ka ce ta yi shiru?"

"Shawara ce kawai. Ba dole na yi mata ba."

"Ni na faɗi nawa laifin," in ji 'Yar Baba. "Kai fa, Baba?"

Na ce ina da ciwon kai. Na shige ɗaki.

Ranar nan ba wanda ya ƙara yi mini magana. Na yi tari da ƙarfi, ba wanda ya ce sannu. Na wuce ta gabansu sau biyar da sabuwar rigata, ba wanda ya ɗago. Ku gaya mini, wannan ba zalunci ba ne?

Daga ɗaki ina jin Kaka tana roƙon Mama. "Yarinyar nan ta riƙe mini hannu," ta ce. "Ta san za ta rasa tukunyar, amma ta riƙe. Ki ba ta gobe. In ba haka ba, ni da burodi har abada."

Can Mama ta ce, "Gobe kawai. Mu gani."

Lahadi da sassafe 'Yar Baba ta fara zuwa gidan ƙawarta ta ba ta haƙuri. Sannan ta dawo ta sake komai daga farko. Sabuwar kaza, sabon adas, wanki uku. Ta manna filogin da tef a jikin soket. Ta zana layi takwas a takarda. Duk awa ɗaya sai ta duba fitilar, ta soke layi ɗaya.

Ni ina zaune a falo da jarida. Ba na karanta komai. Ƙamshin yana fitowa yana zagaya ni. Da azahar ya fara yi mini ba'a. Da la'asar ya kama ni da kokawa.

Ƙarfe huɗu aka zuba wa Kaka. Ta sha cokali ɗaya. Ta lumshe ido. Ta sha na biyu. Ba ta ɗago ba sai da kwanon ya koma fes.

"Ƙawata," ta ce, "ƙaro."

Mama ta yi dariya, karo na farko tun jiya. Ta rungume 'Yar Baba. "Duk Asabar taki ce," ta ce.

Na ɓoye fuskata a bayan jarida. Na san ba ni da rabo. Sai na ji an ajiye kwano a gabana. Na leƙa. Cike yake, har da cinya guda da ba a yayyaga ba, irin yadda nake so.

'Yar Baba tana tsaye. Har yanzu fuskarta a ɗaure take.

"Ina fushi da kai, Baba," ta ce. "Amma ba ka ci komai ba tun safe."

Ta juya za ta tafi.

Yara, na ɗauki cokalin. Miyar ta yi daɗi fiye da duk abin da na taɓa sha. Amma ta ƙi wucewa.

Na ajiye cokalin. Na miƙe tsaye.

"Ni ne," na ce.

"Ba mu ji ba," in ji Kaka.

"Ni ne! Ni na cire filogin na sa injin aski. Na ce minti biyu ne. Da na ga yadda gemun ya yi kyau, sai na manta da tukunyar, na fita. Da na dawo na ga abin da na yi, tsoro ya kama ni. Na bar 'yata ta ɗauki laifina. Na koya mata ɓoyewa. Saura kaɗan in mayar da mahaifiyata asibiti. 'Yar Baba, ki yafe mini. Mama, Kaka, ku yafe mini."

'Yar Baba ta ruga ta rungume ni. Ta jiƙa mini sabuwar riga da hawaye, ban ce komai ba.

"Saura rinin," in ji Kaka.

"Kaɗan nake shafawa," na ce. "A gefe-gefe."

Suka yi ta dariya har Kaka ta riƙe cikinta tana cewa a bari, ɗinkin zai kwance.

Washegari na kira mai gyaran wuta ya gyara soket ɗin ɗakinmu. Bai fi minti goma ba.

To ga darasin, ku riƙe shi da kyau. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa. Kada ku ɓoye, ko da babba ne ya ce ku ɓoye. Kuma kada ku bar wani ya yi kuka a kan laifinku. 'Yata ta koyi wannan cikin awa uku. Ni sai da na kwana, ga gemu har ƙirji.

Ƙarar da na kawo kuma, na janye ta. Ba wanda ya hana ni shiga kicin. Ni na yanke wa kaina wata ɗaya, Mama ta ce ya yi kaɗan amma ta karɓa. Takardar da ke ƙofar ma ni na rubuta, ni na manna.

Ai kun ji na ce rubutun yana da kyau.